Baba da Tabarau a Juye

Babanmu mai gyaran wuta ne. Shekara talatin da 'yan kai yana ɗaura fanka da ƙwan lantarki a gidajen mutane, har wuyansa ya saba da kallon sama. Ko gaisuwa ya shiga ɗakin wani, silin yake fara dubawa kafin mai ɗakin. Bai taɓa yarda cewa wani abu na damunsa ba. Ciwon kai ma sai ya ce hula ce ta matse shi.

Ni na gano idonsa ya yi rauni, ranar da na same shi yana miƙa takardar magani iya tsawon hannunsa. Na ja shi wurin likitar ido. Ta ce idanun ƙarfinsu ɗaya, amma yana bukatar gilashi na nesa da na kusa, kuma za a haɗa masa su a tabarau guda babu layi a tsakani. Sama na hangen nesa ne, tsakiya na wanda ke zaune gabanka, ƙasa na karatu. Ta ce ya bar kallo ta gefe, ya riƙa nuna abin da yake son gani da hancinsa, cikin sati biyu zai saba. Baba ya ce to. Na san wannan "to" ɗin tun ina ƙarama.

A gida tabarau ya yi aiki, har ya karanta wa Umma rubutun jikin gwangwanin madara ba ta tambaye shi ba. A kan tsani ne abin ya ƙi. Wayar da yake haɗawa tana dab da goshinsa, ta saman gilashi, wato ɓangaren nesa. Matakin da zai taka yana can ƙasa, ta ɓangaren karatu. Sama dishi-dishi, ƙasa dishi-dishi. Wanda ya tsara gilashin nan dai a kujera yake neman abincinsa. Kwana huɗu da fara sawa Baba ya zame daga mataki na biyu, ya buge gwiwa, ya ce mana tsanin ne ya tsufa.

Yayanmu, babban ɗansa, ya ɗaure tsanin da sarƙa, ya sa kwado, ya ce aikin ya isa haka. Gaskiya ya fi Baba gaskiya, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Baba bai yi musu ba. Ya zauna a falo kwana tara, tabarau a hanci, yana rage abinci. Ban taɓa ganinsa ya tsufa da sauri irin na kwanakin nan ba.

Ana haka fankar falo ta tsaya. Yaya ya ce zai kira wani.

"A gidana?" in ji Baba.

Suka tsaya a kan sharaɗi: Baba zai hau sau ɗaya, in ƙafarsa ta ko girgiza, tsani ya bar gidan. Yaya ya buɗe kwado, ya riƙe tsanin da hannu biyu.

Baba ya cire tabarau, ya juya shi, ƙasa ta koma sama, ya mayar a fuska. Hannayen tabaran suka ƙi zama a kunne, sai ya zaro guntun waya daga aljihu ya ɗaure su ta ƙeya. Umma ta shige kicin da sauri, muna jin tana tarin ƙarya. Shi kuwa ya hau mataki ɗaya-ɗaya, fuskarsa ba ko alamar wasa. Yanzu na karatu na kallon waya, na nesa na kallon ƙafa. Ya gama gyaran, ya sauko.

Fanka ta juya. Yaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa kwadon a aljihu ya fita.

Ina taya Baba kwance wayar daga ƙeyarsa sai ya yi ƙasa da murya.

"Kin san wani abu, 'yar Baba? Shekara biyu da yatsa nake gane waya. Yau na ga jar wayar da idona."

Hannuna ya tsaya. Shekara biyu yana taɓa wuta a makance, muna nan muna yi masa a dawo lafiya kowace safiya.

"Kada ki gaya wa yayanki," ya ce.

Har yau ban gaya masa ba, amma ni nake riƙe tsanin.