Takalmin soso, ƙarfe, da kwana biyun da na yi shiru

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko tafiya na yi, a'a. Ina kwance ne, kuma sai yau na iya faɗin dalili.

Da yawanku kun san ina ɗaga ƙarfe da yamma a bayan shagon Sani mai walda, nan Makarfi. Shi ya haɗa mana kayan da tsofaffin tayoyin injin niƙa. Yawancin abokan ɗagawata masu lodin rake ne, kuma kowa ƙafarsa a ƙasa yake ɗagawa, ba takalmi.

Ni ne na ga hakan bai dace ba. Na je gwanjo ranar kasuwa na sayo kambas na gudu, mai tudun soso a ƙasa.

Sani ya dube shi ya ce, "Malam, katifa ka ɗaura a ƙafa? Ƙarfe ba ya son taushi fa."

Na yi dariya. A raina na ce, me mai walda ya sani game da jikin ɗan Adam?

Ranar wata Laraba na sunkuya zan ɗago ƙarfe daga ƙasa, nauyin da na saba. Ya kai gwiwa, sai na ji dunduniyar hagu ta nutse cikin soson, ta karkace. Na biyo ta da baya a lanƙwashe don kada in saki. Wani abu ya yi ƙas a ƙuguna.

Ban faɗi ƙasa ba. Shi ya ruɗe ni.

Da ciwon ya ɗan lafa na koma, na ce zan huta da na tsaye in riƙa yin na kwance, wato turawa a kan benci. Ina ganin ai baya na hutawa. Ashe duk turawar da zan yi sai na ɗage mazaunaina daga bencin, na gantsare, nauyin ya sauka daidai inda ya lalace.

Bayan sati biyu, ina fitowa daga ofis wani masinja ya biyo ni da silifas a hannu. "Ranka ya daɗe, ka bar takalminka."

Na duba ƙasa. Ƙafata ta hagu tsirara take a kan tsakuwa mai zafin rana, kuma ban ji komai ba. Na tsaya ina kallonta kamar ta wani.

Washegari fitsari ya tsaya. Mara ta cika, amma ba ya fita sai ɗigo. In na yi tsarki ba na jin ruwan.

Kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Kunya kawai. Na ce wa matata Rakiya ciwon baya ne, ta kira wanzami ya yi mini ƙaho. A rana ta biyu ta lura da yawan shigata bayi da buta, ina fitowa butar a cike. Ta tare ƙofa.

"Baban Amira, wallahi ko ka faɗa mini ko in kira Yaya Lawal ka faɗa masa."

Da jin sunan yayana na faɗa, ina kallon bango.

Asibitin garinmu ba su riƙe mu ba. Suka sa mini robar fitsari, suka ce Zariya, yanzu. A can aka tura ni cikin na'urar hoton MRI, rami mai ƙara kamar ana sara ƙarfe. Masarar da muka ajiye don damina, a hoton nan da tiyata ta ƙare.

Likitan ya nuna mini hoton. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya fashe, ya danne jijiyoyin da ke kula da ƙafa da mafitsara. Ya tambayi yaushe fitsarin ya tsaya. Na ce shekaranjiya.

Ya ajiye biro. "Wannan ciwon da awa ake lissafa shi, Malam, ba da kwana ba. Za mu yi aiki yau. Tafiya, ina sa rai. Fitsari, ba zan yi maka alkawari ba."

Shekarata arba'in da ɗaya. Na kwanta ina tunanin sauran rayuwata da jakar fitsari rataye a cinya, ina tunanin yadda zan shiga sahun salla da ita.

Na tambaye shi ko takalmin ne. Ya ce ba shi kaɗai ba: akwai nauyi, akwai lanƙwasa baya, akwai komawar da na yi. Amma wanda zai ɗauki nauyi ba ya tsayawa a kan abin da ke motsi.

An yi aikin. Sati uku a gado, sai gashin ƙashi, sai sanda. Babban yatsana na hagu har yau ba ya ɗagawa sosai.

A sati na bakwai suka cire robar don gwaji. Na shiga bayi na tsaya. Minti ɗaya, biyu. Sai ya zo. Na fito ina kiran Rakiya da ƙarfi, ina faɗa mata a gaban mutanen da ke layi. Wata tsohuwa ta ce, "To barka, ɗan nan." Ban ji kunyar kowa ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Yaya Lawal da ya bar gonarsa ya yi jinyata, da Sani da ya zo dubiya sau huɗu bai taɓa cewa ya gaya mini ba. Rakiya kuwa, Allah kaɗai zai biya ta.

Masu ɗaga ƙarfe: ku tsaya ƙafa a ƙasa, ko a takalmi shafaffe mai tauri. Na gudu, don gudu aka yi shi. A kan benci, ƙafa ta kafu, mazaunai kada su bar katako. In baya ya yi ƙara, ku ajiye komai ku ga likita.

Wanda kuma ciwon baya ya zo masa da mutuwar ƙafa, ko fitsari ya tsaya, ko ya daina jin ruwan tsarki, kada ya kwana. Ya faɗa wa duk wanda ke kusa, ko da surukarsa ce.