Alƙalami na Sha Biyu da Koren Tawada

Matata tana cewa ciwona ba shi da asibiti. Wasu maza tattabaru suke tarawa, ni kuwa alƙalamai, irin masu shan tawada. Ba na manyan kamfanonin da kowa ya sani ba. Waɗannan sun fi ƙarfin aljihuna, kuma girman kansu ba ya burge ni. Nawa na ƙananan maƙera ne na Indiya da Sin, waɗanda in ka karanta sunan da ke jikin murfin ba wanda zai ce ya taɓa ji. Akwai wanda ake kwancewa a ɗura masa tawada da sirinji, akwai mai taurin kai da ba ya rubutu sai ka kwantar da hannu. Guda goma sha ɗaya nake da su a lokacin, cikin gwangwanin biskit a ɗakinmu na Nyanya.

Na sha biyun ne ya kusa raba ni da aikina.

A kasuwar Utako na same shi, wajen wani dattijo mai sayar da tsofaffin tabarau da matattun agogo. Baƙi ne mai kauri, ba ado ko ɗaya. Masu wannan sha'awa suna da doka guda: tsohon alƙalami sai an wanke cikinsa har ruwan ya fito fes kafin a ba shi tawada. Na san dokar, har wa'azinta nake wa wasu. Amma ɗoki ya rufe mini ido. Na leƙa na gan shi a bushe, na ɗura masa shuɗiya, na gwada a bayan ambulan, ya rubuta shuɗi tsaf. Ranar Asabar ke nan.

A ma'aikatarmu launin tawada muƙami ne. Ƙaramin ma'aikaci irina shuɗi ko baƙi ne nasa. Kore na darakta ne zuwa sama, kuma in an ga kore a fayil ba a tambaya, aiwatarwa ake yi.

Ranar Litinin fayil ɗin wani direba ya zo teburina. Yana roƙon a mai da shi ofishinmu na Kwali, don mahaifiyarsa tana Yangoji, kusa da can, ɓarin jikinta ya shanye. Aikina in duba in rubuta ra'ayina, sannan fayil ya hau sama. Na rubuta cewa ya cancanta, na yi ɗan lanƙwasan sa hannuna da ba mai iya karantawa, na rufe tun tawadar tana jiƙe, na jefa a tiren fayilolin da za su fita.

Sai da yamma, ina rubutu a littafina, na ga layin yana bushewa yana komawa kore shar. Ashe tsohon mai alƙalamin kore yake zubawa, busasshen ya kwana biyu yana narkewa a ciki. Na ruga wajen tiren, wayam. Masu rajista sun ga kore, sun ɗauka darakta ce ta amince, har sun buga takardar canjin wuri.

Washegari direban ya tare ni a baranda yana ɗaga murya: "Oga, Allah ya saka! Sun ce daga teburinka aka gama komai!" Ji na yi kamar in toshe masa baki. Kowa ya juyo yana kallona, kuma na san abin da suke rayawa: na yi sojan gona da tawadar manya, ba kuwa a banza ba. Hukuncin wannan kora ne, in ma ba a haɗa da 'yan sanda ba.

Kwana biyu ban gaya wa matata ba. A cunkoson Nyanya ina cikin bas ina tsara yadda zan ce wa yara uku mun koma ƙauye. Duk wayar da ta yi ƙara a ofis sai in ɗauka ni ake nema. Na yi tunanin in ja fayil ɗin in bi rubutun da shuɗi, sai na ga wannan shi ne haƙa wa kaina rami da hannuna.

Ranar Alhamis aka ce darakta na kira. 'Yar Filato ce, ba ta dariya a ofis, kuma fayil ɗin yana buɗe a gabanta.

"Kai ne ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Yaushe aka yi maka promotion ban sani ba?"

Da ƙyar na roƙi kofin ruwa. Na kwance alƙalamin a gabanta, na tsoma bakinsa, ruwan ya rine, shuɗi da kore a cakuɗe. Na ba ta labarin Utako da dokar da na karya. Ta ture kofin gefe, ta ce:

"To direban fa? In na soke, ya dawo ke nan."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Kwana uku ina tsoron abin da zai same ni, ko sau ɗaya tsohuwar da ke kwance a Yangoji ba ta faɗo mini a rai ba. Kunya ta kama ni fiye da tsoron.

Ta miƙo hannu. "Ba ni biron."

Ban iya ce mata ba biro ba ne. Na mayar da shi yadda yake na ba ta. Ta karanta roƙon direban tun daga farko, ta sa hannu a ƙarƙashin nawa da alƙalamina, sannan ta jefa shi a durowarta ta rufe.

"Za ka samu query. Kore nawa ne. In ka kai, ka zo ka karɓi abinka."

Takardar tuhumar ta zo, na amsa, aka yi mini gargaɗi. Ita kuwa ta yi ritaya kafin in kai, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba.

Bara na kai matakin darakta. Sakatariyata ta ajiye mini kwalbar kore sabuwa a tebur. Alƙalamaina sun ƙaru, kowanne na wanke shi sau uku, amma har yau ban ɗura wa ko ɗaya kore ba. Da biron ofis nake sa hannu, kuma ba na rufe fayil sai na tsaya na ga rubutun ya bushe.