Gwaggo Mai Gam da Shafi na Goma Sha Huɗu

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin karatun yara. Ta ɗage labulaye, ta jera ƙananan kujeru, sannan ta zauna gaban kwandon littattafan da aka dawo da su, tana duba su shafi-shafi kamar likita a zagayen safe. Gefenta akwai kwalbar gam, allura da zare, da gwangwanin fensiran kala. Albarkacin kwalbar nan yara suka raɗa mata Gwaggo Mai Gam. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, bayan shekara talatin da ɗaya da wata huɗu. Jinjina na zo yi mata, amma gaskiya ta tilasta mini in fara da cewa kishinta nake yi.

Ni malamin tarihi ne. Shekara ashirin da shida da suka wuce na zauna a ɗakin nan na ƙirga littattafan hoto ɗari huɗu da goma sha biyu. A ɗari uku da casa'in da bakwai, iyalin da ke ciki mutanen babban birni ne, da tufafinsu da fasalin gidajensu da sunayensu. Irinmu na gefen ƙasa a goma sha biyar kawai muka fito, galibi can baya, ɗauke da kaya. Takardun koke goma sha ɗaya na rubuta wa masu buga littattafai. Amsa biyu na samu, duka na godiya.

Ita kuwa ba ta taɓa rubuta wa kowa ba. Idan shafi ya yage ya ɓace, ba ta yar da littafin. Takan kwafe rubutun da hannu, ta sake zana hoton, yaron da ya yi ɓarnar kuma horonsa ya zauna shiru har ta gama zana shi a gurbin yaron littafin: rigarsa, kunnuwansa, har ƙofar gidansu in ya iya kwatanta ta.

Ta ɗauka horo take yi. Kafin shekara ta zagayo, yage-yage ya ninka. Wani direban bas ya shaida mini ɗansa kwana uku ya yi yana zaɓen shafin da zai yaga, don yana son wanda ake tuƙa jirgi. Da ta gano bakin zaren sai ta juya ƙa'idar: wanda ya dawo da littafi goma lafiya lau shi ake zanawa, a shafin da tsufa ya cinye.

Bara jikata mai shekara shida ta zana iyalinmu. Gidan ba namu ba, tufafin ba namu ba. Na tambaye ta dalili.

"Tsoho, ai haka mutanen gaske suke," in ji ta.

Maganar ta soke ni. Na zaunar da ita na ɗauko tarihin kakanninmu daga tushe. Ban kai ƙarni na biyu ba ta ɓingire da barci.

Bayan wata biyu ta shigo a guje, rungume da littafi.

"Na shiga littafi! Kai da tulin takardunka ko a bango babu kai."

"Amarya, ni fa littafi huɗu na wallafa."

"Wa ya ara?"

Washegari na je ɗakin karatu na duba katunan aro. Babban littafina, aro bakwai cikin shekara goma sha tara. Wanda jikata ke ciki, an sake masa katin aro sau uku.

Na ce wa Gwaggo, "Baiwar Allah, kin ƙwace mini amarya da fensir."

Ta yi dariya. "Malam, kai ƙofar masu littafi kake ta bugawa, ni kuwa ta taga na shigar da yaran. Zauna, shafin nan na goma sha huɗu da sauran wurin kaka."

"Ban dawo da littafi goma ba."

"Furfura ta biya maka. Daina motsi."

Domin tarihi, in faɗa: kunnuwana ba su kai yadda ta zana su ba. Amma zanen da jikata ta yi bayan nan ƙofarmu ce, har da tsagar da ke jikinta.

Ke ce mai ɗinke abin da masu ilimi muka tsaya muna sharhi a kansa. Ke ce kika sa yaro ya buɗe littafi ya tarar da kansa a gaba, ba ɗauke da kayan wani ba. Na gode, Gwaggo, Allah Ya saka miki da alheri, ko da yake kishin bai sake ni ba.

Malamai da iyaye, kada ku bi sawuna kuna jiran amsar wasiƙa. Ku nemi gam da fensir. Ni shaida ne: a shafi na goma sha huɗu, inda ban rubuta ko harafi ɗaya ba, aka fi karanta ni.