Nonon Madam

Tsufa ya cinye mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta kiran wannan da na wancan. Amma ranar da matar mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ta karɓi ɗan ƙanena daga hannuna, wannan kam sai dai ƙasa ta rufe idona da ita.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina tuyar ƙosai a bakin lakwal a Dogon Dutsi, sai matar ƙanena ta rasu wajen haihuwa a wani ƙauye kusa da Matankari, ta bar ɗa namiji. Aka kawo mini shi cikin zane. Ni kuwa na daɗe da yaye autana, nono ya ƙafe. Muka gwada na akuya, ya yi ta zawo. Muka gwada na saniya, abin ya ƙara muni. Kafin a yi suna yaro ya koma kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka, kuka ma sai dai ka ga baki ya buɗe.

Ba masu goyo ne suka ƙare a gari ba. Magana ce ta riga mu isowa, wai Doguwa ce ta ɗauke uwar, kuma duk wadda ta ba ɗan nono ita iskar za ta bi. Babu gidan da ban shiga ba. Kowace sai ta yi mini ta'aziyya mai daɗi, sannan ta ja mayafi ta rufe ƙirji. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don wasunsu carbi ba ya barin hannunsu.

Mushen nan mutumin Dahome ne, Kirista, matarsa kuma Madam kowa yake ce mata. Kullum da safe takan zo sayen ƙosai da 'yarta a goye, jaririya 'yar watanni. Ranar ta leƙa zanen da ke cinyata, ta ce da gurguwar Hausarta, "Goggo, yaro ba lafiya?" Na faɗa mata komai, har maganar Doguwa ban ɓoye ba. Sai ta ce, "Doguwa ba ta san ni ba, ni baƙuwa ce. Kawo shi." A kan kututturen da nake zama ta zauna. Da yaron ya kama, na bar ƙosai ya ƙone a kasko ina kuka.

Labari ya kai kunnen wan mahaifinmu, wanda shi ne babba a gida. Ya aiko aka kira ni. "Ke, kina da hankali kuwa? Abin da aka sha a nono ba ya fita. So kike a wayi gari ɗanmu yana zuwa coci?" Ni kuma bakina ba shi da linzami tun ina yarinya. Na ce, "To Baba, in kana da nono ka ba shi." Saura kaɗan sanda ta sauka a kaina.

Aka kai magana gaban liman, wani dattijo da ya yi karatu a Sakkwato. Ya saurare mu har muka gaji. Sai ya ce wa Baba, "Malam, Alƙur'ani ya halatta wa Musulmi auren mace mai kamun kai daga cikin Yahudu da Nasara, ko bai halatta ba?" Baba ya ce ya halatta. "To in ta haifa masa, nonon wa ɗan zai sha?" Baba ya gyara zama. Liman ya tuna masa cewa da aka matsa wa sahabbai a Makka, wurin sarkin Habasha, Kirista, suka sami mafaka. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ki shaida mata, wanga yaro ya zama ɗanta, 'yarta kuma 'yar uwarsa ce, ba aure tsakaninsu har abada." Da na kai mata saƙon, dariya ta yi ta yi, ta ce ashe ta haifi Bahaushe ba naƙuda.

Matar nan ta riƙe amana. Ba ta taɓa sa masa nono a baki ba sai ta jira na yi bisimilla. Ran Lahadi nakan zauna da shi a gindin wata bishiya kusa da cocinsu, in ya yi kuka ta fito tsakiyar waƙa ta shayar da shi, ta koma. Wata rana na tausaya mata na ce ta shiga da shi mana, wa zai gani? Ta ce, "A'a, Goggo. Nono aka ce in ba shi."

Yaro ya yi kumatu, ya fara tafiya. Sai gwamnatinmu ta samu saɓani da ta Dahome, aka ce ma'aikatansu su koma gida. Na raka su tasha. Madam ta hau kamyo, babbar motar da za ta kwashe su, na ɗaga 'yarta zan miƙa mata, sai na ji yarinyar shafal a hannuna. Ta girmi namu, amma shi ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Na dubi mushe. Ya sunkuyar da kai ya ce tun farko nonon bai ishi biyu ba, sai Madam ta sa tasu a koko tun lokaci bai yi ba. Na ɗaga ido na ce, "Madam, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta karɓi 'yarta ta ce, "Tawa tana iya haɗiye koko. Naki ba ya iyawa."

Ban sake ganinta ba, ban kuma san ko yarinyar ta rayu ba. Shi yaron yanzu ya yi furfura, yana da jikoki. Tun daga ranar na daina auna mutum da inda yake duba in zai yi addu'a, wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Ni abin da ya yi da ɗan wani nake dubawa, a lokacin da nasa ma bai ƙoshi ba.