Yadda Matata Ta Hau Keken Ɗinki

Ni tela ne a Bagudo a shekarar da aka samu 'yancin kai. Kowa na son sabuwar riga, yadi kore da fari sai shigowa yake yi. Ina cikin wannan aiki wata rana da hantsi ƙafata ta dama ta daina jin matakin keke. Na mintsine ta, na ji kamar ƙafar wani na mintsina.

Bayan mako uku ta dawo don kanta. Murna ta sa na ɗaure riguna na haye Kwara a kwalekwale, na nufi kasuwar bakin iyakar Dahome. Can kuma idona na hagu ya dushe, ina ganin mutane kamar ta cikin hayaƙi. Wani Badende da ke sayen kaya a wurina shi ya bar rumfarsa ya rako ni har bakin ruwa.

An sha rubutu, an sha saiwoyi, daga baya yayana ya kai ni asibiti a Sakkwato. Likitan ya ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar guduma, ya sa na bi yatsansa da ido. Ta bakin tafinta ya ce yana zaton ciwon jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa ne, wanda ba kasafai ake ganinsa a ƙasarmu ba. Yakan zo, yakan tafi, ba shi da magani a hannunsu.

Na ce, "Yaushe zai dawo?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ko gobe, ko baɗi."

Wannan rashin sani ya fi ciwon cin raina. Kullum da asuba sai na motsa yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya kafin in tashi alwala. Salla ta matso, na riƙa mai da masu kawo ɗinki.

Matata ta same ni a zaure ta ce, "Maigida, mi ya sa kake korar mutane?"

"In na yi alkawari ƙafa ta tafi fa?"

Ta miƙo tata. "Ga wata."

Dariya na yi, amma ita da gaske take. Muka shigar da keken cikin gida, ina yanka tana takawa. Ita ce ma ta lura zafin bazara ke tayar min da ciwon, ta riƙa jiƙa zane tana yafa min a kafaɗa.

Ciwon ya ci gaba da halinsa. Wata shekara in yi noma, wata in dogara sanda. Amma ban sake korar kowa ba.

Ɗinkin matata na farko rigar limamin unguwarmu ce, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ce ya kawo in gyara, ya ƙi. Haka ya sa rigar ya ja mu sallar Idi, yana naɗe dogon hannun a kafaɗa. Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa mutanen nan da suka taimake ni da alheri.