NyaLongwe Da Gyambon Maigidana

Ranar da NyaLongwe ta fara shigowa gidanmu, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ɗaga hanci ta ce, "Ina mai ƙafar?" Tun daga bakin ƙofa warin ya tarye ta. Mu kam mun saba, shekara uku muna kwana muna tashi da shi.

Maigidana, Yotamu Kamanga, masassaƙin kwale-kwale ne a nan bakin tabki, kudu da Chintheche. Gizago ne ya kuɓuce masa ya sare shi a ƙwauri. Saran bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya ƙi rufewa, ya yi ta ci har ya zama gyambo mai faɗin tafin hannuna. Asibiti da nisa. In mun je sau ɗaya an wanke, sai mu yi wata biyu ba mu koma ba. Ya daina sassaƙa, ya daina zuwa coci, abokansa ma daga bakin danga suke gaishe shi.

Ita NyaLongwe, ainihin sunanta Felesia, 'yar gajeruwa ce kakkaura, mai murya kamar ta kwandastan mota. Da shara ta fara aiki a wani asibitin mishan tana 'yar shekara sha tara. Wata nas ta lura cewa in ana wankin miki kowa kawar da kai yake yi, wannan yarinya kuwa sai ta jingine tsintsiya ta leƙo. Ta ja ta ɗakin wankin ciwo, daga baya aka tura ta kwas. Shekara ashirin da takwas ta yi a ɗakin nan. Abin da ya riƙa ci mata rai shi ne, ta sallami mutum ya kusa warkewa, bayan wata shida a dawo da shi a yanke ƙafar. Da ta yi ritaya ta ce to, ita za ta bi su har gida. Asibitin ya yarda ya riƙa ba ta auduga da bandeji, ita kuma ta ɗaure akwati a bayan kekenta.

Ta sa safar hannu, ta kwance tsumman da ke ƙafar, ta daɗe tana kallo.

"Baba Kamanga, me ka zuba a nan?"

"Magani ne, Sista."

"Wane iri?"

"Toka... da ɗan baƙin mai."

"Baƙin mai! Au, ashe injin jirgi aka kira ni in gyara? Ai da an faɗa min na zo da sifana!"

Yotamu ya fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Ta sa na tafasa ruwa na zuba gishiri daidai yadda ta auna min, ya huce. Ta wanke, ta yanke mataccen nama da ɗan almakashi, yana cije leɓe tana yi masa hirar kifi. Sannan ta yi wani abin da ban taɓa gani ba: ta ɗora wata farar leda mai tsabta a kan gyambon, ta bi gefensa da biro ta zana, ta rubuta kwanan wata. Ta ce in liƙa a bango, duk Juma'a za ta zana sabo.

Washegari da kanta ta tare mota ta kai shi aka gwada jininsa. Ciwon suga! Shekara da shekaru yana tare da shi ba mu sani ba. Aka ba shi ƙwayoyi. Ta hana shi cokali huɗun nan na suga a shayi, ta rage masa malmalar tuwon rogo, ta ce in cika masa kwano da ganye da wake da ƙananan kifi. In zai kwanta kuma a ɗora ƙafar a kan matashi.

"Wannan mata so take ta kashe ni da yunwa," in ji shi.

"Ka mutu da ƙafa biyu dai, ya fi kyau a akwati," ta ce masa.

Kwana bibbiyu take zuwa, kuma ba ta taɓa barina in tsaya kallo kawai ba. Sai ta kira sunana: "NyaManda, ƙanwata, wanke hannu ki zo. Daga tsakiya zuwa waje, kada ki koma da audugar da kika wuce da ita."

Juma'a ta huɗu muka ɗora sabuwar leda a kan ta farko, muka ɗaga su a rana. Zanen ciki ya fi ƙanƙanta! Ba da yawa ba, kamar faɗin farce, amma ya ragu. Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito da gudu suna zaton haihuwa aka yi. Tun daga ranar, duk Juma'a gidanmu cika yake da masu zuwa kallon leda. Masunta har gardama suke yi a kan watan da zanen zai ƙare.

Sai ga damina. A watan Fabrairu, lokacin da damina ta fi ƙarfi a nan wajenmu, ruwa ya tafi da gadar da ke tsakaninmu da garinsu. Ta kira ni a waya ta ce, "Keke ba ya iyo. Ke ce nas yanzu." Ranar farko audugar ta kuɓuce min ta faɗi ƙasa, na jefar na ɗauki wata. Yotamu ya ce, "Sista ƙarama, a hankali dai, mijinki ne." Kwana goma sha ɗaya ina yi ni kaɗai, kullum ina tsoron na ɓata aikin wata uku.

Rana ta goma sha biyu muka ji ihu daga bakin ruwa. Ga NyaLongwe zaune daram a tsakiyar kwale-kwalen wani masunci, ta rungume akwatinta, zaninta sharkaf, tana yi wa mai tuƙin faɗa wai yana jiƙa mata bandeji. Ko zama ba ta yi ba ta kwance ƙafar. Ta sunkuya tana dubawa.

"Zo nan," ta ce. "Kin ga wannan jan naman mai kamar 'ya'yan gero? Kin ga farin zoben nan a gefe? Fata ce take rarrafowa! Ke, wa ya koya miki aiki haka?"

Ta kama ni muka yi ta tsalle a tsakar gida, mu biyu tsofai-tsofai, Yotamu yana buga mana bokiti.

Wata bakwai da sati biyu aka yi. Ranar ƙarshe ta shafa wurin da yatsa, sabuwar fata sumul tana sheƙi, ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, na gaji da ganinka." Ta gargaɗe shi ya riƙa shafa mai, ya sa doguwar safa da takalmi in zai yi sassaƙa, kada kuma ya kuskura ya bar ƙwayoyinsa. Ran Lahadi da ƙafarsa ya taka har coci, mutane suka yi ta juyowa, har mai wa'azi ya rasa inda ya tsaya.

Da muka fito NyaLongwe ta ja ni gefe. Ta ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen gaba da ta shekara a kwance, bayanta duk ya yi miki, 'ya'yanta mata uku kuma tsoron taɓa ta suke yi.

"Ni in na yi magana sai su ce ai ni nas ce. Ke za ki nuna musu. Litinin da safe, ki yanke farce."

Na ce mata ban iya hawa keke ba.

"Wa ya ce ki tuƙa? Ke dai riƙe akwatin da kyau."