Dolgorsuren Mai Rinin Kaki

Kafin shayin madara ya huce a kofinta, Yaya Dolgorsuren ta riga ta jera kwalaben kakin masu tari a teburinta. Ta shafa kakin a falle-fallen gilashi, ta gasa a harshen wuta, ta zuba jan rini, ta wanke, ta bi da shuɗi. Daga nan ta duƙa kan madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin cuta. In shuɗi zalla ta gani, mai kakin ya tsira. In wasu jajayen ƙwayoyi masu kama da sanduna suka bayyana, tarin fuka ne. Haka ta yi shekara talatin da 'yan kai a ɗakin gwaji na asibitin lardinmu, nan yammacin Mongoliya. A watan nan ta ajiye aiki, baya ya ranƙwafa, idon dama ya dushe. Ita ma tarin ya taɓa kama ta a bakin aikin, ta warke ta dawo.

Ma'aikatan jinya har yau suna ba da labarin Ganzorig, wani makiyayi ɗan kokawa. Wata biyu yana shan maganin tarin fuka a asibiti, ya ji sauƙi, ya naɗe kayansa zai koma gida. Tumakinsa sun fara haihuwa cikin ƙanƙara, matarsa ita kaɗai a tanti. Likita ya yi ta lallashi, a banza. Dolgorsuren ta tare shi a ƙofa, ta ja shi har gaban madubi.

"Leƙa nan, ƙanena."

Ya leƙa, ya kwashe da dariya. "Haba Yaya, waɗannan 'yan zaren? Ni da na kayar da ƙarti a filin kokawa?"

"Su ba sa kokawa, haihuwa suke yi. Tunkiyarka sai shekara take haihuwa. Waɗannan kuwa yau ɗaya, gobe biyu, jibi huɗu. Tafi ka raba wa 'ya'yanka."

Dariyar ta ɗauke. Ya tsuguna, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "To tumakin fa?"

Da yamma ta shawo kan mijinta, tsohon direba, ya hau babur ya tafi taya matar Ganzorig kiwo. Duk da haka sanyi ya kashe 'yan raguna da dama. Ganzorig ya zauna ya ƙarasa maganinsa, amma ya daɗe ba ya gaishe ta.

Yaya Dolgorsuren, ke ce mai jajayen yatsu, wadda ake fara jin mugun labari daga bakinta. Wanda ya warke likita yake gode wa, wanda bai warke ba ke yake tunawa. Kin sani, ba ki fasa zuwa ba.

Ranar sallamarta sai ga Ganzorig, furfura ta cika kansa, yana janye da rago.

"Ina zan ɗaure shi, ni da nake zaune a hawa na huɗu na bene?" in ji ta.

"Ke kika sani, Yaya. Jikokina ne suka zaɓo shi."

Ta nemi kujera ta zauna, ta dafa kan ragon.

Mun gode, Yaya Dolgorsuren. A hutar da idon nan haka. Ku kuma matasan da ke ƙyamar kakin wani, ku zo ku koya tun tana iya nuna muku, don har yau ba a samu wanda zai zauna a kujerarta ba.